Baƙon da Ke Gindin Lemo

A gindin ganuwar tsohon birnin Hue suka fara haɗuwa. Quyen tana nuna wa baƙi ramukan da harsashi ya bari a jikin bulo tun zamanin yaƙin da aka yi tsakanin arewa da kudancin ƙasar, aikinta ke nan, sai ta lura da wani dogon saurayi can baya wanda ko hoto ɗaya bai ɗauka ba. Da jama'a suka watse ya matso.

"Ƙanwata, ko kin san wani gida a bayan ganuwar nan mai rijiya da bishiyar lemo?"

Harshensa kaɗai ya nuna ɗan arewa ne. Ta yi dariya.

"Yayana, rabin gidajen unguwar haka suke, har namu. Gida ka zo saye ko lemo?"

"Khiem sunana, daga Nam Dinh. Yawon buɗe ido na zo."

Ƙarya yake yi, amma fuskarsa ta mutanen kirki ce, kuma fuskar ce Quyen ta duba.

Yawon mako ɗaya ya zama wata. Ta zaga da shi ko'ina a kan babur ɗinta, ta ɗura masa miyar taliya mai yaji har ya yi hawaye. Tun ranar yake kiranta Barkonona, ita kuma Ɗan Arewana.

Ranar da ta kai shi gida, suka tarar da kakarta, Kaka Tam, durƙushe a gindin lemo tana kunna turare gaban wani ɗan tudun ƙasa.

"Baƙonmu ne," in ji tsohuwar. "Sojan arewa ne. Ya faɗo ta katanga jina-jina, ya mutu a hannuna yana kiran 'yarsa, Lua, na binne shi a nan. Shi ya sa nake ce masa Baban Lua. Mijina sojan kudu ne, ya tafi tsaunin Khe Tre bai dawo ba, ko ƙashinsa ban gani ba. Kullum ina ajiye wa wannan shinkafa, ina ciyar da shi, ko wata ma tana can tana ciyar da nawa."

Khiem ya ƙura wa tudun ido. Quyen ta ɗauka tausayi ne, son ya ƙara shigar ta.

Mahaifinta, Baba Loc, bai so zancen ba ko kaɗan.

"Mutanen da suka mayar da ni maraya? A cikinsu kika ga miji?"

"Baba, ba a haife shi ba a lokacin. Bai taɓa ɓoye mini komai ba."

Haka ta yi ta rantsuwa a kansa, baiwar Allah, har ta daina cin abinci tare da ubanta.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida. Khiem ya fito fuska a murtuke, da wata mata, da tsohuwa mai sanda, sai maza biyu ɗauke da fatanya da ƙaramin akwatin yumɓu, irin wanda ake zuba ƙasusuwan mamaci.

Matar ta rusuna. "Sunana Lua. Ni ce mahaifiyar Khiem, wannan kuma uwata ce, Kaka Thoan. Mun zo mu kai babana gida."

Quyen ta juya. Ta dubi Khiem.

"Tun ranar farko ka sani."

"Barkonona, ki saurare ni. Na ce su jira..."

"Kada ka sake kirana haka! Rijiya da lemo, ko? Ashe ba ni kake nema ba, ƙofa kake nema, ni kuma na buɗe maka ita da hannuna. Na yi faɗa da ubana saboda kai!"

Baba Loc ya kau da kai daga gare ta.

Kaka Tam ta je ta zauna a kan tudun. "Ku ɗauke shi, naku ne. Amma in na daina ciyar da shi, wa zai ciyar da nawa?"

Kaka Thoan ta dogara sanda ta isa gare ta. Ta kalli kwanon shinkafa mai tururi, da tokar turare da ta taru shekara da shekaru. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya, shekara biyu kawai na yi da mutumin nan. Ke kin haura hamsin kina ba shi abinci. Ya fi sanin girkinki." Ta juya ga mazan. "Ku mayar da fatanyar mota."

Kabari ya tsira, amma zuciyar Quyen ba ta huce ba. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Gaskiya kakana na zo nema, an ce mana a wani gida mai rijiya da lemo ya faɗi. Da na same shi na ji tsoron in faɗa miki in rasa ki. Na yi kuskure, ki yafe mini."

Ta mayar masa: "Ka samu abin da ka zo nema. Ka sauka lafiya."

Daga nan ta toshe lambarsa. Damina ta shigo, irin ruwan Hue da ba ya gajiya. Tana nuna wa baƙi ramukan harsashi tana jin haushin duk wanda ya yi magana da harshen arewa. Ba rabuwar ce ta fi cin ta ba, a'a, tunawa da yadda ta rantse wa ubanta.

Ruwa bai ɗauke ba aka buga ƙofa. Khiem ne, ya rame, laka har gwiwa, rungume da ƙaramar tukunya. Bai ma dubi Quyen ba, gaban Kaka Tam ya durƙusa.

"Kaka, na bi ƙauyukan Khe Tre ina tambayar tsofaffi. Ban samu ƙashinsa ba. Amma sun nuna mini gangaren da rundunarsu ta ƙare. Wannan ƙasar wurin ce. Na kunna turare, na kira sunansa, na ce ya biyo ni gida."

Tsohuwa ta rungume tukunyar tana kuka kamar yarinya. Baba Loc ya juya baya ya daɗe, sannan ya ce, "Ku ba yaron nan riga busasshiya."

A bakin rijiya Quyen ta tare shi.

"Yanzu kuma me kake nema a gidanmu?"

"Babu sauran abin nema sai ke."

"In ka sake ɓoye mini ko ƙwayar shinkafa..."

"Ki ɗura mini barkonon Hue gaba ɗaya."

Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata tare da hawaye.

Da lemo ya yi fure dangin Khiem suka dawo, wannan karon da jajayen faya-fayai na ganyen taunawa da shayi da giya, suna neman aure. Kafin ango da amarya su gaida kowa, sai da suka rusuna a gindin bishiyar, inda tudu biyu ke kwance kusa da juna, na biyun ƙasar tukunyar nan ce aka binne.

Kaka Tam ta kunna turare ta miƙa wa Kaka Thoan rabi.

"To, ku biyu," ta ce da tuddan, "kun gama faɗanku. Ga jikokinku nan, ku sa musu albarka, su tsufa tare, abin da mu ba mu samu ba."

Ta ajiye kwano biyu na shinkafa, kowa da nasa.