Littafi Marar Bango

Ranar da Hadijatu ta fara tsayawa a gaban teburin Mahbub, a gefen layin dogo na Agege, ba ta fito da niyyar ganin kowa ba. Shi Mahbub hayar littattafan Hausa yake bayarwa, waɗanda direbobin motocin shanu suke sauko masa da su daga Kano. Da ya ɗaga kai ya gan ta, sai ya manta da kwalin da yake kwancewa.

"Malam, littafi nake nemar wa mahaifina," in ji ta. "Mai sa nishaɗi, ba na koke-koke ba. Amma wanda marubucinsa ya san Hausa."

"Ranki ya daɗe, kin haɗa abu biyu masu wuyar zama wuri ɗaya," in ji shi. "Amma za a duba."

Mahaifin nata shi ne Alhaji Isiyaku, tsohon dillalin shanu wanda yanar ido ta raba shi da kara, wato kasuwar shanu. Tun daga lokacin bai sake yin dariya ba, sai dai Hadijatu ta riƙa karanta masa littafi bayan la'asar. To, dattijon kuwa mai tsananin kunne ne. Duk littafin da ta kai, washegari za ta dawo da shi tare da hukunci.

"Baba ya ce wannan kashe-kashensa ya yi yawa, shi ya ga jinin da ya ishe shi a mayanka."

"Wancan fa?"

"Akwai ban dariya, amma ya ce Hausarsa irin ta kwandastan motar haya ta danfo ce."

Mahbub ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke kuma me kika ce, Alƙaliyata?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni 'yar aike ce, Sarkin Littafi."

'Yar aiken nan dai ta yi ta zarya har damina ta wuce, kuma hirar ta daɗe da barin zancen littafi. Mahbub ya bi hanyar da magabata suka shimfiɗa, ya tura baffansa neman izini. Alhaji Isiyaku ya karɓi baƙon da girmamawa, sa'annan ya ce tun kakansa ba a taɓa ba da 'ya a gidan ba sai ga mai sana'ar shanu ko fata, kuma ga Ridwanu, ɗan amininsa na mayanka, ya riga ya nuna sha'awa. Ba zai tilasta mata ba, amma ba zai miƙa ta ga mai hayar shirme ba.

Mahbub ya yi kwanaki abinci ba ya wuce masa. Bai daina neman littafin ba kuwa, domin ya riga ya yi alkawari. Ya bi direbobi har Ijora, ya tambayi 'yan gwari a kasuwar Mile 12. A ƙarshe wani tsohon direba ya zaro masa wani littafi daga ƙarƙashin kujerar mota, ba bango, ba sunan marubuci, manja ya taɓa gefensa. Labarin wani attajiri ne mai taurin kai da ya hana wani mai gyaran laima auren 'yarsa, alhali duk damina sai ya kai masa gyara. Mahbub ya karanta kaɗan ya ji Hausa tsaf, ya aika wa Hadijatu da shi.

Shekarar ce wayar salula ta shigo Legas. Bayan kwana biyu maƙwabcinsa mai kanti ya miƙo masa tasa, ya ce ga saƙo an turo daga wayar yayan Hadijatu:

"Sarkin Littafi, Baba ya yi dariya har da tari, Inna ta fito da gudu ta ɗauka wani abu ne. Amma shafukan ƙarshe babu. Ya ce ka zo gobe bayan la'asar."

Mahbub ya je, ya durƙusa a bakin tabarma ya gaishe da dattijon.

"Kai ne mai littattafan?" in ji Alhaji. "To, yaya labarin ya ƙare?"

Mahbub ya san zai iya ƙirƙiro wani abu nan take, ba mai kama shi.

"Baba, wallahi ban sani ba. Haka na same shi. Na koma wurin direban, shi ma bai taɓa ganin ƙarshen ba."

"Ka kawo mini tuwo ba miya ke nan."

"Ku gafarce ni, Baba. Amma ku da kuka ga duniya, yaya ya kamata ya ƙare?"

Dattijon ya gyara zama, domin an taɓo inda yake so. Ya ce duk marubucin da ya iya Hausa haka ba zai ɓata aikinsa da baƙin ciki ba. Ya ce attajirin nan ba shi da hujja, don yaron bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, sana'arsa yake ci. Mahbub ya ce wataƙila yana tsoron abin da dangi za su faɗa.

"Dangi ne za su zauna da ita?" Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. "Ya ba shi yarinyar kawai, a huta!"

Hajiya Hansai, mahaifiyar Hadijatu, tana tankaɗe a ƙofar ɗakin girki. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Alhaji, Allah ya sa attajirin ya ji ka."

Hadijatu, da ke laɓe a bayan labule, ta toshe baki da mayafi. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu, can sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Yaro," in ji shi, "ka ce wa baffanka ya dawo. Kuma kada ka daina nemo mini irin wannan, ko da guntu ne."

An ɗaura auren bayan Babbar Salla a masallacin unguwa, Ridwanu ma ya halarta, ya kawo cinyar bijimi guda gudummawa. Da aka zo tafiya da amarya, Alhaji Isiyaku ya dafa kanta, ya sa mata littafin nan marar bango a hannu.

"Ku je ku ƙarasa shi," in ji shi. "Allah ya yi muku albarka, ya sa dariya ta fi kuka yawa a gidanku."

Duk gidan ya amsa da amin.