Hannu a Kafaɗa

Auta na guga a tsakar ɗaki sai ga mijinta Dogo ya shigo tun rana ba ta yi sanyi ba. Ko takalmi bai cire ba ya zauna a bakin gado.

"Yau kuma da wuri? Ko kewar matarka ce ta koro ka?"

"An dafa ni," in ji shi.

Ta ajiye dutsen gugar. Duk mai aiki a kamfanin robobin da yayanta ke shugabanta ya san wannan magana. Yaya ba ya tsawa, ba ya ɗaure fuska. In zai kori mutum, sai ya tambaye shi lafiyar yara, kowa da sunansa, ya dafa kafaɗarsa yana murmushi ya ce, "Ka san kai nawa ne." Kafin mutum ya kai ƙofa, mai gadi ya karɓe katinsa.

Ga abin da ya faru. Yaya ya sa an cire murfin injin yanka don aiki ya yi sauri. Injin ya cinye yatsun wani ma'aikaci. Masu bincike za su zo, Yaya ya ce Dogo, da yake shi ne injiniyan wurin, ya shaida musu sakacin mutumin ne. Dogo ya ce ba zai iya ba.

"Sori, Auta. Na san yayanki ne."

"Cire min takalmin nan, yanzu na yi shara," ta ce, hawaye na zubo mata. "Da ka yarda ka yi ƙaryar, wallahi yau da yunwa za ka kwana!"

Washegari Mama ta aiko kiranta. Ta iske Yaya zaune a ƙasa kusa da ƙafar Mama, yana murza ido.

"Mijinki zai tona wa ɗan'uwanki asiri," in ji Mama. "Wanda ya ba shi aiki! Wanda ke riƙe da gidan nan tun rasuwar babanku! Ko ya janye maganarsa, ko ki kwaso kayanki ki dawo."

"Mama, mutum fa ya rasa yatsunsa."

"Ƙanwata," Yaya ya ce a hankali, "har asibiti na je. Na yi kuka."

"Ka je da mai ɗaukar hoto, Yaya. Yana kashe kyamara ka tambayi direba ina za ku ci abinci."

"Rufe min baki!" Mama ta daka mata tsawa.

Auta ta durƙusa tana kuka. "Mama, ba zan bar mijina ba. Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar da Yaya ya dafa kafaɗarki ya ce ke tasa ce, ki tuna da ni."

"Tashi ki ba ni wuri!"

Masu bincike suka zo, Dogo ya faɗi gaskiya, aka shiga jira. Ya kafa rumfa a bakin titi yana gyaran janareto. Mama ta daina ɗaukar wayar Auta. Duk da haka, kowane mako Dogo sai ya tura ta gaisuwa.

"Ba ta ko amsawa, Dogo."

"Je ki dai. Uwa ce. In ta juya miki baya, ki gaishe da bayan."

"Kai da bakinka kamar na inji!"

"Injin da kika zaɓa."

Haka watanni suka shuɗe. Wata safiya suna shan shayi aka yi sallama. Mama ce tsaye da jaka ɗaya. Dogo ya yi wuf ya karɓi jakar, ya ba ta kujerarsa.

Ta zauna. Can ta ce, "Jiya ya zo. Ya tambaye ni ciwon gwiwa. Ya dafa ni nan." Ta taɓa kafaɗarta. "Ya ce, 'Mama, kin san ke tawa ce.' Wai za a rushe gidan a yi wa kamfani sito, ni kuma ya samo min ɗaki wajen dangi. Gidan babanku! Da na fashe da kuka, kun san abin da ya yi? Agogo ya duba."

Auta ta rungume ta. Mama ta ɗago ta kalli Dogo.

"Ɗana, na zalunce ka."

"Mama, shayinki na hucewa," ya ce. "Ɗakin can naki ne. Sai dai ki yi haƙuri, 'yarki na minshari."

"Ƙarya yake yi, Mama!"

Mama ta yi dariya cikin hawaye.

Ba a jima ba sakamakon bincike ya fito. Masu kamfanin suka sauke Yaya, gidan ma ba a rushe ba. Bai nemi gafarar kowa ba. An ce ya samu wata kujerar a wani wuri, yana ta murmushi. Aka dawo da Dogo. Ranar farko, da hannunsa ya mayar da murfin injin, wanda ya rasa yatsun nan kuma aka ba shi kula da siton kamfanin. Mama dai ta ce ita kam ta ga wurin zama.

Ni tsoho ne, ba na son doguwar magana. Yara, kada ku auna mutum da daɗin bakinsa. Ku duba abin da yake yi idan wani na kuka a gabansa. Auta ta duba, ta yi haƙuri, ta tsira da mijinta da uwarta.