Surukar da Umma Ta Gani a Talabijin

— Kai, wannan yarinya an yi marar kunya! Ku dubi yadda take murguɗa wa uwar mijinta baki! Allah ya raba mu da irinki!

Umma ce ke faɗa da talabijin, kamar yadda ta saba duk yammacin Asabar. Tana kan kujerarta ta bakin taga, rimot a hannu tana nuna allon da shi kamar bulala. Shekara biyar ke nan shirin barkwancin nan bai taɓa wuce ta ba: labarin wata tsohuwa da ake kira Gwaggo da matar ɗanta Barkono, wadda ba a faɗa mata ɗaya ba ta rama da goma ba. Umma takan yi dariya har da hawaye, ta kuma tsine wa Barkono, duk a zama ɗaya.

Auta, ɗanta na ƙarshe, malamin sakandare, yana zaune a ƙasa da tarin takardun ɗalibai, amma tun da aka fara shirin bai duba ko guda ba.

— Umma, wasa ne fa. Rubuta mata ake yi.

— Hararar ma rubuta mata ake yi? Wannan a jininta yake!

Auta ya sosa ƙeya.

— Umma... yarinyar nan da na ce zan kawo ta gaishe ki...

— Mai kunyar nan da ka ishe ni da yabonta? Ai na ce ka kawo ta.

— To, ita ce wannan.

Umma ta dubi allon, ta dube shi, ta sake duban allon. Sai ta kashe talabijin ana tsakiyar shiri, abin da ba ta taɓa yi ba.

A makaranta Auta da yarinyar suka haɗu, ranar taron iyayen yara. Ta zo ne a madadin mahaifiyarsu da ta rasu, domin jin ƙoƙarin ƙanwarta. Duk malamai sun gane ta suna ta leƙe, ban da Auta da a lokacin ba ya kallon komai sai labarai. Ya zaunar da ita ya yi mata faɗan cewa ƙanwarta ba ta yin aikin gida, ita kuwa kanta a ƙasa tana ta ba shi haƙuri. Daga baya ta ce masa wannan faɗan ne ya sace zuciyarta, don ta daɗe ba ta ga wanda ya yi mata magana a matsayin mutum kawai ba.

Tana da shekara goma sha tara ta shiga harkar wasan kwaikwayo. Ranar farko tire aka ba ta, ta shigo ta ce "ga ruwa" ta fita. Yadda ta dangwarar da tiren ya sa mai kyamara dariya har hoton ya girgiza. Bayan wata shida aka ƙirƙira mata Barkono, sunan ya bi ta har ya danne na yanka.

Ranar da ta zo gaisuwa, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

— Ina wuni, Umma? Mun same ku lafiya?

— Lafiya. Wannan ladabin kuma wa ya rubuta miki shi?

— Haba Umma! in ji Auta.

— Rufe mini baki! Ke yarinya, na san ki sarai. Shekara biyar ina kallon ki. Wadda ta iya zuba wa tsohuwa gishiri a shayi tana dariya, ni ba za ta zuba mini ba? Sannan idan ta iya yin rashin kunyar ƙarya, ai ta iya yin kunyar ƙarya ma. In kina son ɗana, ki bar wasan nan. In ba haka ba, ga hanya nan.

Sai da suka fito bakin titi hawaye suka ɓalle wa yarinyar.

— Ki yi haƙuri, in ji Auta. Wallahi gobe zan je wurin Kawu. Shi ne waliyyina, a ɗaura kawai, daga baya ta huce.

— A'a! Kar ka soma. Ni na san zafin rashin uwa, ba zan raba ka da taka tana raye ba.

— To ki bar wasan mana, ko na ɗan lokaci.

— In na bari, na yarda ke nan abin kunya nake yi. Ba na tsiraici, ba na batsa, mutane nake sa wa dariya bayan sun gaji. Kuma akwai waɗanda tafiyata za ta kayar. Mu jira.

— Har yaushe?

— Har ranar da za ta kira ni da bakinta.

Aka shiga jira. Duk ƙarshen wata takan zo ta gaida Umma, Umma ta amsa da hanci, ta bar ta durƙushe har ƙafarta ta yi tsami, ta tashi ta yi sallama. Umma ta sa aka kawo wa Auta hotunan 'yan mata har huɗu, ya mayar bai buɗe ambulan ɗin ba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, sai dai wuyan rigarsa da ya yi masa yawa, da abincin da yake dawowa kicin kamar yadda aka kai shi.

A wata na goma sha ɗaya Umma ta gaji. Wata safiya ta yafa mayafi, ta tari tasi, ta ce a kai ta inda ake ɗaukar shirin. Niyyarta ɗaya: ta tsaya gaban jama'a ta ce wa yarinyar nan ta sakar mata ɗa.

Mai gadi ya ɗauka cikin masu fitowa a matsayin taron jama'a a shirin take, ya nuna mata benci a lungu. Umma ta zauna baki buɗe. Ashe falon Gwaggo bango uku ne, na katako! Tagar ma fenti ce, firij ɗin ko waya babu. Ga fitilu kamar za su gasa mutum.

— Shiru! Akshin! in ji darakta, wani siriri mai hular sanyi.

Barkono ta shigo tana taunar cingam, ta riƙe ƙugu.

— Gwaggo, wa ya cinye mini naman da na ɓoye?

Gwaggo ta buɗe baki, ta tsaya. Idonta ya yi ta yawo. Maganar ta ɓace mata.

Kafin darakta ya ce uffan, Barkono ta dafe goshi.

— Sori, darakta! Ni ce na yi sauri, na tsallake layi. A sake.

Aka sake. Gwaggo ta kuma kakarewa, sai Barkono ta saki tari. A karo na uku ta yar da cokali. Har sau bakwai, kullum ita ce mai laifi.

— Kat! Wai me ke damun ki yau? Shekara nawa kina aikin nan? A tafi hutu!

Umma ta miƙe ta bi bayan bangon katakon, maganarta a shirye. Amma abin da ta gani ya tsayar da ita. Barkono ta tofar da cingam, tana zaune a ƙasa, ƙafafun tsohuwar a cinyarta tana matsa su, ga kwalbar magani da ruwa a gefe.

— Ki sha tukuna, Gwaggo. Yawwa. To in na ce "wa ya cinye", ki kalli hannuna. In na taɓa kunne, ki ce "kyanwa ce".

— 'Yar nan, har yaushe za ki riƙa shan faɗa saboda ni? Kaina ya tafi, na sani.

— Wa ya koya mini tsayuwa gaban kyamara? Ba ke ba? Ai faɗan darakta ba ya huda fata.

Sai ga daraktan ya leƙo, ya sassauta murya.

— Kina tsammanin ban gane ba? Ba za mu iya ci gaba haka ba. Zan rubuta cewa Gwaggo ta yi tafiya.

— Don Allah kar ka yi mata haka. Ba ta da kowa, nan ne gidanta. Ka rage mata layi, ni kuma zan riƙa ɗauko ta da sassafe mu yi bita. In ka cire ta, to ka haɗa da ni.

Ya girgiza kai ya tafi yana gunaguni. Barkono tana juyowa suka haɗa ido da Umma. Ta zabura ta durƙusa.

— Umma! Lafiya? Wani abu ya sami Malam?

— Zuwa na yi in ce ki rabu da ɗana.

Barkono ta sunkuyar da kai.

— To, Umma.

— Ban gama ba! Wa ya san kina yi wa baiwar Allahn nan haka?

— Babu kowa.

— Shi ma Autan?

— Sirrinta ne, Umma, ba nawa ba.

Umma ta goge ido da bakin mayafi.

— Nan babu kyamara, babu mai rubutu. Tashi, 'yata. Ni ce na zalunce ki, ki yafe mini.

Barkono ta faɗa jikin Umma tana kuka, Gwaggo na gefe tana tambaya:

— Wannan sin ɗin kuma yaushe aka saka shi? Ba a ba ni takardata ba!

Dariya ta kama su duka da hawaye a fuska.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, kuma Umma da kanta ta ce ba maganar barin aiki. Gwaggo ta ƙara shekara biyu a shirin kafin ta huta, ɗakin da ta ƙare rayuwarta kuwa a gidan Auta yake. Daga baya Barkono ta koma rubuta shirin da hannunta, ranakun ɗauka kuma Umma ke riƙe mata 'yan biyun da ta haifa.

Da Auta da Barkono sun bi ta bayan fage sun yi auren, da sun sami juna sun rasa albarka. Sun yi haƙuri, Allah ya haɗa musu duka biyun. Mu kuma kada mu yanke wa mutum hukunci da sana'arsa ko da abin da muka hango daga nesa. Halin gaskiya yana fitowa ne a inda mutum yake zaton babu mai kallon sa.