Ƙanƙara Mai Hawa-Hawa

Kifin a daskare yake kamar dutse, amma da aka fasa kwali sai wari ya buge kowa. Hajiya, mai ɗakin sanyin, ta dawo daga tafiyar ta'aziyya ta tarar da kayan da matan kasuwa suka ba ta ajiya duk sun ruɓe, tankin man janareta kuma ya kusa ƙafewa. Ta kira 'yan sanda.

Sufeto ya shiga yana toshe hanci. Ya kifar da kwali ɗaya, ya ga wata jar ƙanƙara manne a gindinsa. Ya sa wuƙa ya tsaga ta. Hawa-hawa take, kowane hawa da jini a ciki. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya sa aka kira masa mutum uku.

Mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, da magariba nake zuwa, da asuba in tafi. Kullum injin na ruri har ya hana ni jin rediyo."

Maƙwabta sun tabbatar. Sufeto ya sallame shi.

Makanike ya shigo yana goge hannu da tsumma. "Na kashe shi ranar da na sauya baƙin mai, amma ko awa ɗaya ban yi ba."

"Awa ɗaya ba ta narka wannan tulin," in ji Sufeto. "Je ka abinka."

Saura ƙanin Hajiya, wanda ta bar wa makulli. Ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Yallaɓai, ni ina zargin kifin ne tun asali ba shi da kyau. Sanyi bai taɓa yankewa ba. Kullum da la'asar ina duba ma'aunin sanyi, ko sau ɗaya bai haura sifili ba."

"A kan sifili kake ganinsa?"

"Cif."

Sufeto ya ajiye ɓallin ƙanƙarar a gabansa.

"In injin na aiki, ma'aunin can ƙasa da sifili yake zama. A kan sifili ƙanƙara ke narkewa. Tana shan zafi tana komawa ruwa, ma'auni kuwa ba ya motsi sai ta ƙare. Kai kana kallonsa kana cewa lafiya lau, kifin mutane na zubar da jini a kwali. Da safe ka kashe injin ka zuƙe man ka sayar, kafin mai gadi ya zo ka tayar. Dare ya daskarar da abin da rana ta narkar. Kowane hawa a nan wuni guda ne."

Ƙanin ya sauke ƙafa. Ya dubi Hajiya.

"Yaya, ban san zai lalace ba. Na ga yana sake ƙanƙarewa."

Ba ta dube shi ba. Sufeto ya sha ganin irin wannan, ya san abin da za ta roƙa.

"Yallaɓai, a bar maganar a gida. Ni na goye shi."

"Hajiya, kayan ba naki ba ne ke kaɗai."

A bakin ƙofa matan kasuwa sun yi cirko-cirko da robobinsu, wata da jariri a baya. Aka fito da ƙanin aka sa a mota. Hajiya ta gyara mayafi, ta fita wurinsu ita kaɗai, ta fara ba su haƙuri daga kan mafi tsufansu.