Jan Rubutun Gefen Kundi

A shekarar da damina ta tsaya tun gero bai kai gwiwa ba, Sha'ibu na unguwar Birni a Damagaram bai rasa aikin yi ba. Mutanen Gidimuni da Zermu suna cika zauren gidansa, inda ya kafa na'urar sikana da ordinatar, wato kwamfuta, ana ɗaukar hoton katinsu na shaida don rajistar tallafin hatsi.

Wata Laraba da almuru, ya rufe zaure ya shiga alwala, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya fasa randa. Ya leƙa bayan katanga, ko kaza babu. Da ya dawo ya tarar da Lubabatu, 'yarsa tilo da marigayiya matarsa ta bar masa, zaune ta takure a lungu kamar an cusa ta cikin kwando.

"An matse ni," ta ce, da muryar tsoho. "An yanke mini gefe."

Sha'ibu ya san abin da ya yanke. Wansa Idirisu da ke Yamai ya nemi hoton kundin kakansu, wanda takardunsa suka bushe suna marmashewa. Sha'ibu ya ɗauki shafi ɗari biyu, amma hotunan suka yi nauyi, rezo na intanet ya ƙi kai su. Shi kuwa gwani ne, kuma ya san shi gwani ne, abin da ya cuce shi ke nan. Ya datse gefen kowane shafi, ya mai da launi baƙi da fari, wani siririn jan rubutu da ya ɗauka datti ne ya ɓace. Saƙo ya tafi kamar iska. Ya goge manyan hotunan don katunan mutane su sami wuri. Takardun kuma, da yake akwai sunan Allah a ciki, ya ƙone su ya binne tokar a wuri mai tsarki, yadda aka saba.

Kwana uku, kullum rana ta faɗi sai jifa. Lubabatu ba ci ba sha, tana ƙara naɗewa. A na huɗu aka ɗauko Malam Mai Nasara, tsoho mai maganin iskoki. Ya zauna bayan la'asar yana karatu a hankali, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida.

"Wane ne kai?"

Muryar tsohon ta amsa daga bakin Lubabatu: "Sunana yana cikin jan rubutun. Kakan Sha'ibu ya rubuta ya ba ni masauki a gefen shafi, shekara tamanin ban taɓa kowa ba."

"Faɗi sunan, mu sake rubutawa."

"Sau ɗaya ake ba da shi. Sha'ibu ya rage ni, ni ma zan rage 'yarsa, sannan in tafi."

Malam ya ɗaga yatsa. "Ban da ranta. Ban da hankalinta, da ganinta, da lafiyarta."

"Na yarda. Abin da ke gefe kawai zan ɗauka, kamar yadda ya yi."

Malam ya juyo yana so ya ƙara tambaya. Amma Sha'ibu yana kallon ƙasusuwan wuyan 'yarsa, tsoro ya gama cinye shi.

"Ɗauki! Ɗauki ka bar mini ita!"

Lubabatu ta yi atishawa sau uku, ta miƙe ƙafafu, ta nemi ruwa. Malam ya tafi, ko tukuici bai karɓa ba.

Sha'ibu ya yi mako yana lura da ita. Tana salla, tana tuƙa tuwo, ta san maƙwabta da sunayensu, har lissafin makaranta ba ta manta ba. Hankalinsa ya kwanta, ya fara cewa a ransa aljanin ma ƙarya yake.

Ranar Juma'a da safe ta shigo zaure da tsintsiya. Ta tsaya gaban hoton mahaifiyarta da ke rataye a bango, wanda ita da kanta take gogewa tun tana 'yar shekara tara. Ta dube shi da kyau, ta ciro shi daga ƙusa ta miƙa masa.

"Baba, wani ya manta hoton matarsa a nan. A ajiye masa, ko zai dawo nema."