An Amince

Ranar da Kafinta ya fara ganinta, riƙe take da jan biro tana ja wa shagonsa layi a taswirar unguwa. Ita ce sakatariyar kwamitin tsara unguwa, mahaifinta kuma shugaba. Faɗa ya zo yi, amma tana ɗago ido sai ga gogan naka yana tambaya ko teburinta na bukatar gyara. Tun daga ranar yake kiranta Jan Biro.

To, dokar kwamitin nan ba ta zama wuri ɗaya. Da farko dattawa kaɗai ke yanke magana, suka ce sabon titi zai bi ta kan shagonsa. Shekara na zagayowa aka ce kowane layi ya turo wakili, titi ya kauce. Da aka shigo da mata da 'yan haya, titi ya dawo. Bawan Allah ya rasa gane ko yana da shago ko ba shi da shi.

Mahaifinta kuwa ya kafe, wai ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san inda gobe za a same shi ba. Ga wani mai awon filaye nan yana nemanta, mutum mai ofis.

"Jan Biro, in shagon ya tafi, na rasa ki ke nan?"

"Kafintana, ni ai ba a taswira nake ba."

Ranar babban taro tsoro ya hana shi zuwa. Da yamma saƙonta ya shigo: "An amince. Ina zuwa."

Ya karanta sau uku. A ransa ya ce titi ya ci shago ke nan. Ya ce gara ya kwance kwanon rufinsa da kansa kafin a lanƙwasa shi.

Ta iso da mahaifinta, suka tarar rabin rufi a ƙasa. Ta riƙe baki. Ta ce an yi sabuwar doka, ba mai ja wa filin wani layi sai da yardarsa.

Daga kan rufin Kafinta ya ce, "To wa ya amince da me?"

"Baba ne, da kai."

Dattijon ya kama tsani da hannu biyu. "Sauko a hankali, ɗana. Ango nake nema, ba majinyaci ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya.