Ƙwarin Ɗakin Hatsin Malam

A kasuwar Gwarzo Mudassir ya fara ganin Ikilima, ta durƙusa gaban buhun masararsa tana tsintar ƙwari tana zubawa a kwalba. Kowa gudun ƙwaro yake, ita kuwa shi ta zo nema.

"Malama, masarar ce ba kya so, ko ƙwarin sun fi ta daɗi?"

Ta yi murmushi. "Bincike nake a jami'a. Kowane ƙwaro yana da wani gado a jikinsa, mitokondiriya, daga uwa kaɗai ake samunsa. Da shi nake gane danginsa da inda ya fito."

Ko rabi bai fahimta ba, amma ya karɓi lambarta. Kafin damina ta wuce, sunan da yake kiranta da shi ya tashi daga "Malamar ƙwari" ya koma "Sanyin idona".

Da kaka ya kai wa mahaifinta, Malam Badruddeen na Mainika, buhun masara daga gonarsu ta Durun. Bayan wata uku ƙwari suka cinye rabin ɗakin hatsin Malam.

"Yaron da ya kawo min ɓarna tun kafin aure, me zai kawo bayansa? A bar maganar nan," in ji Malam.

Ikilima ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ɗebi ƙwarin ɗakin ta tafi ɗakin bincike. Sakamako ya fito, ba dangin ƙwarin Durun ba ne. Jikokin waɗanda ta tsinto a wani sito a Kano ne, da ma tun can baya ta ɓoye kwalbarsu bayan buhunan Malam, murfin bai rufu ba.

Ta tura masa saƙo: "Masoyi, ni ce mai laifin. Daga kwalbata suka fito."

Ya amsa: "Sanyin idona, ki yi shiru. Bar shi a kaina, zan yi ta ba Baba haƙuri har ya huce."

Ba ta yi shiru ba. Ta durƙusa gaban Malam, ta faɗi komai, ta miƙa masa wayar.

Ya karanta sau biyu. "Wato ya yarda a ce shi ne, don kada in yi fushi da ke?"

"E, Baba."

Malam ya mayar mata da wayar. "Na zalunci yaron nan. Ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure Malam ya riƙe hannun Mudassir. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Na ba ka ita da kwalabenta duka. Ka riƙa duba murfi."